Ajastar Fambel: Yadda Ake Gano Ta A Jikin Inji

Idan mota ta fara tsuwa da sassafe, irin tsuwar nan mai shiga haƙori da ke sanar da maƙwabta cewa an tayar da inji, hukuncin da ake yankewa a yawancin garejojinmu guda ɗaya ne: fambel ya gaji, a sayo sabo. A sayo a saka, mota ta yi shiru mako biyu ko uku, sai tsuwa ta dawo daram. Daga nan mai mota ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, mai shago ya ɗora wa bakanike, bakanike kuma ya ce ai kayan yanzu ne ba su da ƙarko. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Bel bai yi laifin komai ba. Abin da ke ɗame shi ne ya saki, wato ajasta, wadda wasu ke kira tenshina.

Akwai direbobin da suka yi shekara da shekaru a bayan sitiyari, amma in aka buɗe musu bonet aka ce su nuna ajasta, sai dai su yi canke. Ba abin zargi ba ne. Gaban inji cike yake da fuli-fuli masu kama da juna, wasu a sama, wasu a lungu, duk bel ɗaya ya naɗe su. Wanda ya tsaya kallon siffar fuli kawai zai ɓata. Ana gane ajasta ne da abin da ke bayanta: kowane fuli ko dai yana juya wata na'ura, ko yana kafe a jikin inji, sai guda ɗaya tak da ke zaune a kan hannu mai motsi. Wannan ɗayan ita ce ajasta.

Daga bel uku zuwa bel ɗaya

Wanda ya yi zamani da Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna ya cika titunan ƙasar nan da su bayan ya fara haɗa motoci a 1975, ya san fambel na da: siririn bel mai faɗin baya da tsukakken ciki, da ke nutsewa cikin kwarin fuli. Motocin wancan lokaci in suna da AC da fawa sitiyari sai ka tarar da bel biyu ko uku, kowanne da aikinsa. In ɗaya ya yi sako-sako, bakanike ya kwance notin altaneta, ya sa ƙarfe ya banƙare ta baya har bel ya yi tauri, ya ɗaure. Haka mai injin markaɗe ke yi har gobe, ya ja injinsa baya kaɗan idan bel ya fara zamewa.

Dogon bel guda ɗaya mai faɗi da tsaga-tsaga a cikinsa, wanda ke lanƙwasa yana bi ta kan fuli-fuli duka, ya fara fitowa ne a motar Ford Mustang ta 1979 a Amurka, kuma wani injiniya na kamfanin Gates mai suna Jim Vance ake danganta ƙirƙirarsa da shi. Ya rage tsawon inji, ya rage yawan kayan da ake canzawa, amma ya zo da nasa sharaɗin. Bel mai irin wannan tsawo ba a ɗame shi sau ɗaya a tafi a bar shi. Zafi yana sauya tazarar da ke tsakanin fuli-fuli. Duk lokacin da kwamfireson AC ya kama, nauyi yakan faɗo wa bel farat ɗaya. Shi kansa inji ba sumul yake juyawa ba, fizga yake yi duk sa'ad da wuta ta tashi a silinda. Saboda haka aka ƙera abin da zai riƙa danna bel kullum, yana ba shi hanya in ya fizga, yana tsuke shi in ya saki.

Gaɓoɓin ajasta huɗu ne. Akwai gindi da ake ɗaurewa a jikin inji, yawanci na alminiyam. Akwai hannu da ke lilo a kan gindin. Akwai sifirin mai ƙarfi, ko dai naɗaɗɗe a ɓoye cikin zagayayyen gida, ko kuma wani ɗan bututu mai kama da ƙaramar shokozoba. Sai rola a ƙarshen hannun, mai boris a tsakiyarta, wadda ita ce ke taɓa bel. A ciki kuma akwai abin da ke kwantar da girgiza don kada hannun ya riƙa tsalle.

Tambayar farko: injinka yana da ita kuwa?

Kafin mutum ya ɓata rabin awa yana leƙe, ya fara sanin cewa ba kowane inji ke da ajasta mai sifirin ba. Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda 4, wadda ake kira Pencil, bel-bel daban take da su, kuma da hannu ake ɗame su: na altaneta yana da dogon noti da ake murɗawa yana tura ta, na fawa sitiyari kuma famfon ake matsarwa. Corolla ta 2009 mai injin 2ZR-FE bel ɗaya take da shi mai tsaga-tsaga, amma ita ma altanetar ake turawa da notin gyara. A irin waɗannan, in ka ga wani ƙarfe mai dogon rami da noti ke zamewa a cikinsa, to ka ga wurin ɗame bel, babu sauran nema.

Akwai kuma iri na uku a wasu motocin Ford da Mazda da Subaru, musamman a kan bel ɗin AC: bel mai miƙewa da kansa, wanda ba shi da ajasta ko notin gyara. Da ƙarfi ake hawar da shi ta hanyar juya inji da wani ɗan ƙarfe na musamman, in za a cire kuma yanke shi ake yi a saka sabo.

Kada kuma a haɗa ajastar fambel da ta tayimin bel. Ta tayimin a rufe take bayan murfi, ba a ganinta sai an kwance kaya. Wanda ya taɓa ta ba da sani ba zai iya gurɓata tayimin, a wasu injinan ma fistin ya daki bawul. Duk abin da muke magana a kai a nan a waje yake, ido na ganinsa.

Ta ina ake fara dubawa

A kashe inji, a zare makulli a sa aljihu, a bari ya huce. Fankar lagireto ta lantarki takan tashi da kanta a wasu motoci ko da an kashe su.

Motar da injinta ke kwance a tsaye daga gaba zuwa baya, kamar Hilux da Land Cruiser da yawancin Marsandi, bel ɗinta na gaba ne, daidai bayan lagireto. Wadda injinta ke gicciye, kamar Corolla da Camry da Sienna da Accord daga 2003, bel ɗin na gefe, akasari gefen dama, wato ɓangaren mai zaman banza a motocinmu masu sitiyari a hagu. Tsofaffin Honda, irin su Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda 4, nasu a gefen direba yake. A injin gicciye wurin matsattse ne, sau da yawa sai an ɗaga mota an cire tayar gaba da robar da ke kare laka kafin a ga rabin ƙasa. In an ɗaga, a tokare ta da abu mai ƙarfi, kada a dogara da jak shi kaɗai.

Daga nan a nemi zanen hanyar bel. Motoci da yawa, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, suna da 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet ko a kan ƙarfen da ke riƙe lagireto, an zana da'irori da layin da ke bi ta kansu. A zanen akan nuna ajasta da kibiya ko da harafin T. Sai dai motar da ta fito ta Kwatano, aka yi mata fenti ko aka canza bonet, da wuya takardar ta tsira. In babu, a ɗauki hoton bel ɗin da waya ta fuska biyu ko uku, ko a zana a bayan kwali, kafin a taɓa komai. Bel ɗin da aka cire cikin minti ɗaya yakan cinye yini wajen mayarwa in an manta hanyarsa.

A fitar da su ɗaya bayan ɗaya

Mafi sauƙi shi ne a bi fuli-fulin ana cire waɗanda aka gane. Babba, mai nauyi, da ke can ƙasa a tsakiya, shi ne na karanshaf, shi ke juya sauran. Ƙarami mai tsaga-tsaga da ke gaban wani gida mai huji-huji, ana hango jan waya a ciki, ga kebur mai kauri ya fito, na altaneta ne. Mai faɗi, da faranti a fuskarsa da 'yar waya, ga bututan alminiyam biyu a bayansa, na kwamfireson AC ne, yawanci a ƙasa. Wanda robobin mai ke shiga bayansa na famfon fawa sitiyari ne, kuma motar da sitiyarinta na lantarki ne ba ta da shi sam. Na famfon ruwa yana fitowa ne daga cikin jikin inji, sau da yawa da ƙananan notuna uku ko huɗu a fuskarsa.

Abin da ya rage rola-rola ne da ba sa juya komai, na ƙarfe ko na baƙar roba mai tauri, kowace da noti ɗaya a tsakiya, wani lokaci a rufe da ɗan murfi. A nan gizo ke saƙa, domin rolar jagora da rolar ajasta ta fuska kamar an tsaga kara. A haska tocila ta bayansu. Rolar jagora notinta kai tsaye ya shige jikin inji ko wani kafaffen ƙarfe, aikinta ta karkata bel ne kawai. Rolar ajasta a kan hannu take, in ka bi hannun da ido zai kai ka ga zagayayyen gidan sifirin ko ga ɗan bututun nan.

Wasu na cewa rola mai santsi ita ce ajasta. Wannan ba hujja ba ce. Ƙa'idar ita ce cikin bel mai tsaga-tsaga yana hawa fuli mai tsaga-tsaga, bayansa mai santsi yana hawa mai santsi. Yawancin ajastoci bayan bel suke dannawa, shi ya sa suke da santsi, amma akwai masu dannawa ta ciki, kuma rolar jagora da fulin famfon ruwa su ma sukan zo da santsi.

Akwai wata alama da ta fi wannan. Karanshaf yana jan bel ta gefe ɗaya yana sakinsa ta ɗayan, kuma injiniyoyi kan ajiye ajasta a gefen da ake sakin, domin can ne sako-sako ke taruwa. Yawancin injina, in kana fuskantar fuli-fulin, suna juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Bi bel ɗin daga inda ya bar karanshaf: rola ta farko ko ta biyu da za ka tarar, akasari ita ce.

Alama ta ƙarshe ita ce wurin kamawa. Tunda dole a janye ajasta kafin a cire bel, kamfani yakan bar inda za a sa ƙarfe. A motocin Amurka da yawa rami ne mai kusurwa huɗu na inci 3/8 ko 1/2 a jikin hannun. A wasu, wani kan noti ne da aka zuba tare da hannun, ba ya kwancewa. A wasu kuma notin tsakiyar rolar ake kamawa. Motocin Turai irin su Volkswagen da Peugeot sukan ƙara da ɗan huji da ake zura ƙusa a ciki don ta tsaya a janye.

Motoci biyu da kowa ya sani

Ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE. Tsaya a gefen dama ka leƙa tsakanin inji da jikin mota. Altaneta na sama ta wajen lagireto. Ɗan baya da ita, ta ɓangaren gilashi, za ka hango ɗan bututu mai kama da shokozoba a ɗaure da wani hannun alminiyam. A jikin hannun akwai kan noti na milimita 19. Nan ake sa sifana mai dogon hannu, a ja ta wajen gaban mota a hankali, domin mai ne a cikin bututun kuma ba ya son gaggawa. Kan notin alminiyam ne. Sifanar da ta yi masa yawa, ko fizga da ƙarfi, sai ta cinye kusurwoyinsa, daga nan kuma aiki ya koma wahala. Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ-FE, wadda ake kira Big Daddy, kusan haka tata take, ita ma 19.

Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda 4, wadda aka fi sani da EOD da Discussion Continues, tata daban ce. Famfon fawa sitiyari ne a can sama, ajasta na ƙasa da shi, kuma notin tsakiyar rolarta mai milimita 14 ake kamawa da siririyar doguwar sifana. Honda ta yi mata ma'auni: 'yar kibiya a gefe ɗaya, layuka a ɗayan, ana hango su daga sama. In kibiyar ta fita daga iyakar da aka zana, bel ya lalace ko kuma ba daidai tsawonsa ba ne.

Tabbaci na ƙarshe a kowace mota shi ne motsi. In ka sa ƙarfe ka danna, rola ta matsa, bel ya saki, ka sassauta ta koma da kanta, ka samu. In ka ji abu ya ƙi motsi, ko noti ya fara kwancewa, tsaya nan: ko rolar jagora ka kama, ko ka juya ta baibai. Wasu notunan rola ma haƙoransu na hagu ne, abin da kake zaton ɗaurewa ne kwancewa yake. Kada yatsa ya shiga tsakanin bel da fuli, kuma kada a saki sifana ta koma da ƙarfi, domin hannun yakan tsage.

Yadda ake gane ta mutu

Idan inji na aiki, a tsaya nesa kaɗan a kalli hannun ajastar. Babbar riga, rawani, hijabi, carbi ko igiyar katin aiki, duk a nisanta su, bel ba ya jira. Lafiyayyar ajasta ɗan rawa kaɗan take yi. Wadda ke tsalle tana kaɗawa, abin kwantar da girgizarta ya ƙare, ko da yake a motocin baya-bayan nan fulin altaneta mai kulocin ciki in ya ƙame yakan jawo irin wannan tsallen. Wadda ba ta motsi ko kaɗan, ko da an kunna AC, ta ƙame.

Ƙarar ma kala-kala ce. Doguwar tsuwa lokacin tayar da inji, ko kunna AC, ko murɗa sitiyari har ƙarshe, alamar bel na zamewa ce. Gajeriyar cik-cik-cik mai bin juyin inji ta fi nuna cewa wani fuli ya karkace daga layi. Gurnani ko ƙarar niƙa boris ne. Kamfanonin bel suna koyar da wani gwaji mai sauƙi: a fesa ruwa kaɗan a cikin bel inji na aiki. In ƙarar ta ƙaru, ɗamewa ce ta yi kaɗan. In ta ɗauke ta dawo, karkacewa ce. In ba ta sauya ba, a nemi boris.

Bayan an cire bel, a juya rolar da hannu. Mai lafiya tana juyawa sumul, ta tsaya da wuri saboda giris. Mai ƙara ko mai ta wulwulawa ba tsayawa, borisinta ya bushe. A girgiza hannun gefe da gefe, bai kamata ya yi wasa ba. Tsatsa da ke tsiyaya daga gidan sifirin, ko mai a jikin bututun, duk sallama ce. Ƙurar hunturu da ruwan damina da ake kutsawa ciki suna gaggauta wannan a wurinmu.

Shi kansa bel ɗin yanzu yana yaudara. Na da yakan tsattsage in ya tsufa, kowa ya gani. Na yanzu, da ake yi da robar EPDM, yana iya kaiwa kusan kilomita 150,000 ba tare da tsagewa ba, sai dai tsaga-tsagarsa su cinye ya daina kamawa. Lambar da ke bayansa kuma ba ado ba ce: 6PK1870 na nufin layi 6, tsawon milimita 1870.

Dabarun gareji a kan mizani

Shafa sabulu, giris ko man birki a bel yana kashe ƙara na ɗan lokaci, ya kuma lalata robar. Saka bel mafi gajarta don a rufe raunin sifirin yana tura ajasta ƙarshen iyakarta, nauyin ya koma kan boris ɗin altaneta da famfon ruwa. Yi mata walda ta tsaya cak ya fi duka muni, domin an kashe abin da aka ƙera ta dominsa.

Canza boris shi kaɗai kuwa, wanda kanikawanmu suka ƙware a kai, ba laifi ba ne. Rola da yawa na ɗaukar boris mai lamba 6203, ana samunsa a ko'ina, kuma in rolar ta ƙarfe ce, hannu ba ya wasa, sifirin na da ƙarfi, gyara ne mai ma'ana. Sharaɗin shi ne a gwada hannun tukuna. Haka ma ajasta ta hannu, wato ta Beljiyam, da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna: ta asali da ta yi ɗan aiki tana iya fin sabuwa marar suna, amma a duba ta kamar yadda za a duba wadda aka cire, a kuma jera su biyun a ga ramukan noti da tsawon hannu sun yi daidai.

Abin da ya sa batun ya wuce na tsuwa shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar bel. Fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri. A injinan da tayimin bel ke juya famfon ruwa, kamar V6 na Sienna ta 2004 zuwa 2006, ana iya lallaɓawa zuwa wuri mafi kusa. A 1ZZ-FE da 2AZ-FE da K24 na Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa, wannan bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, kuma 'yan mintuna sun isa inji ya tafasa ya ƙone gasket. A nan babu shawara sai a faka a kashe.

Saboda haka duk ranar da za a canza fambel, mai mota ya tsaya a cire shi a gabansa, ya ce: "Oga, a juya min rolar nan, a girgiza hannun in gani." Aikin minti biyu ne tunda bel ɗin ya riga ya sauka. In motar ta ci bel ɗinta na farko har ya ƙare, ajastar ma tafiyar da ta yi ke nan, kuma canza su tare ya fi araha a kan biyan kuɗin aiki sau biyu.